Littafin Da Ya Ɓace A Cikin Haikali

 An nemi mu yi 'yar magana a kan nazarin Littafi Mai Tsarki. Mu dai ba masana tauhidi ba ne, ɗalibai ne kamar kowa, saboda haka duk abin da kuka ji da zafi yau, ku sani kanmu muka fara faɗa wa kafin mu tsaya a gabanku.

Za mu ɗauko zancenmu daga Littafin Sarakuna na Biyu, sura 22. Yosiya ya hau gadon sarautar Yahuza yana ɗan shekara 8. Kakansa Manassa ya yi shekara 55 yana mulki, ya cika Urushalima da gumaka har cikin Haikali. Ubansa Amon kuwa shekara 2 kaɗai ya yi fadawansa suka kashe shi. A shekara ta 18 ta sarautar Yosiya, watau yana da shekara 26, tsaran wasu da ke zaune a nan, wajen shekara ta 622 kafin haihuwar Almasihu, sai ya ba da umurni a gyara Haikali. Ya aiki magatakardansa Shafan wurin babban firist Hilkiya, a ƙirga kuɗin da masu tsaron ƙofa suka karɓa daga hannun jama'a, a danƙa wa masu lura da aiki su biya masassaƙa da magina, su sayi katako da duwatsu. Ana cikin wannan hidima sai Hilkiya ya tsinci littafin Shari'a.

To, 'yan'uwa, a nan muke so mu ɗan dakata. Ina littafin nan ya ɓace? Abokan gaba ba su kwashe shi ganima ba, gobara ba ta ci shi ba. A cikin ɗakin Ubangiji ya ɓace. Firistoci suna nan, masu tsaron ƙofa suna nan, jama'a suna ta kawo kuɗi har ya taru ya isa aikin gini. Harkar addini tana tafiya yadda aka saba, littafin kaɗai ne ba mai buɗewa, har ya zamana sarki mai son bin Allah ya yi shekara 18 a kan gado, ga dukan alamu bai taɓa jin abin da ke cikinsa ba.

Ashe ba halinmu ke nan ba? Ranar Lahadi ɗakin sujada cike yake maƙil. Ƙungiyar mawaƙa tana gwaji sau biyu a mako, kwamitoci sun yi yawa har mutum ɗaya yana cikin uku, ana tara baiko, ana shirya taro. Amma Littafin da iyayenmu suka sa mana a akwati ran da za mu taho, yana nan ƙarƙashin kaya inda suka ajiye shi. Wanda ke cikin wayar hannu kuwa ya fi saurin ɓacewa, gama da an buɗe shi sai saƙo ya shigo, shi ke nan hankali ya tafi.

Ya kamata mu tuna Littafin nan bai zo hannunmu da Hausa cikin sauƙi ba. Wani Bajamushe ɗan mishan, James Frederick Schön, shi ya kama aikin fassara yana zaune a Ingila, babban mataimakinsa kuwa wani yaro ne mai suna Dorugu, mutumin ƙasar Damagaram, wanda aka kama bauta tun yana ƙarami, aka 'yanta shi a Barno, ya bi Dokta Barth zuwa Turai a 1855. Bisharar Matiyu ta fito a 1857, Sabon Alkawari duka a 1880. Daga baya Likita Miller ya zauna a Zariya tun daga 1905, shi da Hausawa abokan aikinsa da 'yan mishan na wasu ƙungiyoyi suka yi ta fama da kalmomi, har cikakken Littafi ya fito a 1932. Daga 1857 zuwa 1932 shekara 75 ke nan, rayuwar mutum guda. An kuma fitar da sabuwar fassara a 1979. Kakanninmu da yawa, daga Wusasa zuwa Gindiri zuwa Numan, da girmansu suka zauna suka koyi karatu bayan sun taso daga gona, don kawai su iya karanta shi da idonsu. Mu jikokinsu muna da shi da Hausa da Turanci, ga fitilar lantarki, ga ɗakin karatu, sai buɗewa ta gagare mu.

In ma mun buɗe, yaya muke karantawa? Nan ne abin ya fi ba mu kunya, domin mu mun san yadda ake karatu. Ɗalibin shari'a ba ya yanko sashe ɗaya na doka ya kafa hujja da shi bai duba abin da ke gabansa da bayansa ba. Ɗalibin likita yakan kwana a kan ƙashin hannu guda, yana zane yana maimaitawa. Amma da mun zo ga Maganar Allah sai mu ajiye wannan hankali a bakin ƙofa kamar takalmi. Mu rufe ido, mu buɗe inda yatsa ya faɗa, mu tsinci aya ɗaya mai daɗi, mu ce mun yi karatun yau. Alhali kuwa lambobin nan ba tare da Littafin suka zo ba. Stephen Langton, babban bishop na Kantabari, shi ake danganta wa rabon surori a ƙarni na 13; ayoyin Sabon Alkawari kuma wani Bafaranshe mai buga littattafai, Robert Estienne, ya sa musu lamba a 1551. An yi su don sauƙin nemo wuri. Bulus wasiƙu ya rubuta wa ikilisiyoyi, a karanta musu daga gaisuwa har sallama. Wane ne cikinmu zai sami wasiƙa daga gida ya karanta layi na bakwai kaɗai ya ninke ta?

Waɗanda suke kwana ɗaki ɗaya da 'yan'uwanmu Musulmi sun ga abin da muke nufi da naciya. Akwai cikinsu wanda bayan sallar asuba ba ya komawa barci sai ya yi tilawa, ko da ranar jarrabawa ce, akwai ma wanda ya shigo jami'a da izu 60 a ka. Ba don gasa muka kawo wannan ba. Mun kawo shi ne don kada wani ya ce mana yawan lacca ne ya hana shi, gama aji ɗaya muke shiga da su.

Akwai kuma wata ɗabi'a da ta fi rashin karatu haɗari, watau mai da Littafin laya. Lokacin jarrabawa sai ka ga an buɗe Zabura 91 an ajiye a kan tebur, ko an sa Littafin ƙarƙashin matashin kai. Labarin Yosiya bai bar mana wannan mafaka ba. Sa'ad da aka karanta masa littafin ya kyakketa tufafinsa, ya aiki mutum biyar wurin annabiya Hulda su tambayi Ubangiji. Amsar da suka kawo ba mai daɗi ba ce: masifa za ta auko wa ƙasar, sai dai shi ba zai gan ta ba. Duk da haka ya tara jama'a manya da ƙanana, ya karanta musu littafin duka, ya tsaya ya ɗauki alkawari a gaban Allah, ya rushe wuraren tsafi, ya sa aka kiyaye Idin Ƙetarewa. Shekara 13 bayan haka aka kashe shi a yaƙi a Magiddo yana da shekara 39. Biyayyarsa ba ta saya masa tsawon rai ba, bai kuwa yi ta don ciniki ba. Ya ji gaskiya ne ya miƙa wuya. Duk wanda ya ce mana nazarin Littafi zai ba mu digiri mai daraja ta ɗaya ko mota a shekarar farko ta aiki, ba wannan sura ya karanta ba.

Yanzu bari mu juyo ga yayyenmu ma'aikata, da mu da za mu bi sawunsu bayan hidimar ƙasa. Shafan ma'aikacin Gwamnati ne. Ku lura, da ya komo wurin sarki bayanin kuɗi ya fara bayarwa, kamar kowane magatakarda nagari, sa'an nan ya kawo zancen littafin. Ya riga ya karanta shi, ya san abin da ke ciki yana tuhumar fada da gidan sarauta duka. Da ya ga dama ya sa shi ƙarƙashin fayil ya yi shiru, babu mai tambayarsa. Sai ya buɗe ya karanta a gaban mai gidansa. Cikin surar nan kuma an faɗi wani abu game da masu lura da aikin gini wanda ya kamata kowane akawu ya yi tunani a kai: ba a bukaci su ba da lissafin kuɗin da aka danƙa musu ba, saboda amincinsu. Rana tana zuwa da za a ajiye wa ɗayanmu takardar biyan kuɗin kwangilar da ba a yi ba, a ce ya sa hannu, ga na goro a gefe, ga mai gida yana jira, ga ƙanne a makaranta suna dogara gare shi. A wannan minti babu lokacin neman aya. Abin da ya riga ya zauna a zuciya shi zai amsa, icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wanda ya saba shiga ɗakin jarrabawa da 'yar takarda a safa, hannunsa ba zai yi nauyi ba a wannan rana.

Gidan Shafan bai tsaya a kansa ba. A Littafin Irmiya, sura 26, ɗansa Ahikam ne ya tsare annabin sa'ad da ake neman ransa. A sura 36 kuma an kawo wa sarki Yehoyakim, ɗan Yosiya na cikinsa, littafin da Baruk ya rubuta daga bakin Irmiya. Lokacin sanyi ne, sarki yana zaune gaban kaskon wuta. Duk sa'ad da aka karanta shafi uku ko huɗu sai ya sa wuƙa ya yanke ya jefa a wuta, har littafin ya ƙare. Cikin mutum uku da suka roƙe shi kada ya ƙone shi akwai Gemariya, shi ma ɗan Shafan. Uba ya ji Magana ya keta rigarsa, ɗa ya ji ya keta littafin. Mu ba mu da wuƙa da kasko, amma mun iya tsallake shafin da ya taɓa mu, mu ce wannan na mutanen dā ne.

Abin da muke roƙo ba mai yawa ba ne. Littafi Mai Tsarki yana da sura 1,189, watau 929 a Tsohon Alkawari, 260 a Sabo. Wanda ya karanta uku kowace rana, biyar ran Lahadi, zai sauke shi cikin shekara guda. Amma mun san kanmu, da yawa sun fara da zafi a Farawa suka mutu a Littafin Firistoci. Saboda haka shawararmu mu fara da Bisharar Markus, sura 16 ce kawai, ana iya gama ta a zama ɗaya da bai kai lacca biyu ba. Kowa ya karanta ta duka cikin makon nan, da alƙalami a hannu, ya rubuta abin da ya gane, da abin da bai gane ba, da abu ɗaya da ta nuna masa ya daina ko ya fara yi. Ranar Laraba bayan abincin dare za mu rabu biyar biyar a nan ɗakin, mu fara da sura ta 1 zuwa ta 3. Wanda nasa Littafin ke ƙarƙashin akwati, ya tono shi daren yau. Wanda ba shi da shi ya ga sakatare kafin ya fita, akwai waɗanda za a ba da aro.