Kafin Mu Aza Tubalin Shafin Intanet



Hausawa sun ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Haka aikin gina shafin intanet yake. Kafin mu taɓa kwamfuta, wajibi ne mu zauna da takarda da alƙalami mu amsa tambaya biyu: wa zai karanta, kuma me ya zo nema?

Shafin farko da Tim Berners-Lee ya buɗe wa duniya a 1991 rubutu ne zalla, amma ya biya bukata. Mu ma mu fara da HTML, shi ne harsashin ginin. CSS ya yi shafe da ado. JavaScript kuwa sai da dalili. Galibin masu karatunmu da waya za su shigo, da datar da suka saya da guminsu, hoto mai nauyi korarsu zai yi. Sannan mu gwada haruffan ƙ, ɗ da ɓ a wayoyi dabam-dabam, kada baƙi su koma baki.

Ranar miƙa aiki ba ta jiran kowa. Ɗan ƙaramin ɗaki mai rufi ya fi ƙaton kango.