Charles McGee: ya tashi yaƙi sau 409, ƙasarsa ta jira ya cika shekara 100 kafin ta ba shi janar

Yau Amurka za mu leƙa, mu ɗauko labarin wani tsohon matuƙin jirgin yaƙi, baƙar fata, mai suna Charles McGee. Ku riƙe lambar nan tukuna: 409. Adadin tashin da ya yi zuwa fagen daga ke nan, a yaƙe-yaƙe uku, kuma kowane tashi ya dawo da ransa.

An haife shi a Cleveland, jihar Ohio, ranar 7 ga Disamba 1919. Mahaifinsa limamin coci ne, mahaifiyarsa kuwa ta rasu tun yana ɗan ƙarami. Ranar da ya cika shekara 22, ita ce ranar da Japan ta kai hari Pearl Harbor, Amurka ta faɗa Yaƙin Duniya na Biyu. A lokacin yana karatun injiniya a Jami'ar Illinois. A watan Oktoba 1942 ya auri Frances, ba a yi mako biyu ba ya shiga soja.

To, a nan nake so ku tsaya ku gane irin sojan da ya shiga. Tun 1925 akwai wani rahoto na kwalejin yaƙin sojan Amurka da ya ce wai baƙar fata ba shi da ƙwaƙwalwa da zuciyar da za a ba shi shugabanci a fagen fama. Rahoton hukuma fa, ba hirar shayi ba. Da matsin lamba ya yi yawa aka yarda a horar da baƙaƙen matuƙa, sai aka ware musu wuri su kaɗai a Tuskegee, jihar Alabama, can kudu inda doka ta hana baƙi da farare zama wuri ɗaya a jirgin ƙasa ko gidan abinci. Da yawa cikin manyan hafsoshi jira suke abin ya wargaje su ce ai mun faɗa. McGee ya gama horo a ƙarshen Yuni 1943, farkon 1944 yana Italiya.

Rundunarsu ita ce ta 332, ƙarƙashin Kanal Benjamin O. Davis Jr., kuma sun shafa wa wutsiyar jiragensu jan fenti. Babban aikinsu rakiya. Manyan jiragen bama-bamai suna da nauyi, ba su da saurin juyawa, don haka sai ƙananan jirage irin su P-51 Mustang sun tsare su daga jiragen Jamus. Davis ya kafa musu doka mai tsauri: kada wanda ya bar jirgin da yake rakiya ya bi abokin gaba don neman suna. Ku tuna matasa ne 'yan shekara ashirin da ɗoriya, kuma a wancan zamani matuƙi da yawan jiragen da ya harbo ake auna shi. Ana ce maka ka haƙura da wannan. McGee jirgi ɗaya ya harbo, samfurin Fw 190, a sararin Chekoslobakiya cikin Agusta 1944. Jirginsa kuwa “Kitten” ya sa masa suna, laƙabin matarsa.

Bari in gyara wata magana da ke yawo a intanet, cewa wai ba su taɓa rasa jirgin da suka raka ba. Ba haka ba ne. Masu binciken tarihin rundunar sun ƙirga 27 da jiragen abokan gaba suka harbo, alhali sauran rundunonin rakiya na yankin kowacce ta rasa kimanin 46. Ni a ganina gaskiyar ta fi ƙarin gishirin daɗi.

Ya yi tashi 137 ya dawo gida, ya tarar da wariyar tana nan yadda ya bar ta. Fararen abokan aikinsa da dama sun ajiye kaki sun koma tuƙa jiragen fasinja, albashi mai tsoka. Shi wannan ƙofa a rufe take, domin manyan kamfanonin fasinja ba sa ɗaukar baƙin matuƙi. Sai a 1963 wani mai suna Marlon Green ya yi nasara a kotun ƙoli a kan wannan batu. Ke nan mutumin da yake son tashi sama, soja kaɗai ya rage masa. Idan kun ji 409 kuna jinjina, ku haɗa da wannan: jarumta ce, amma akwai rashin zaɓi a cikinta.

A 1948 Shugaba Truman ya sa hannu kan umarnin kawo ƙarshen wariya a soja. Yaƙin Koriya ya zo, McGee ya yi tashi 100, yawanci kai hari ƙasa-ƙasa inda bindigogi ke iya samun mutum. Sai Biyetnam, yana da shekara kusan 48, yana jagorantar rundunar leƙen asiri a Tan Son Nhut kusa da Saigon. Jirginsa RF-4 kyamara yake ɗauka, ba makami. Ka shiga inda ake harbi, ka ɗauki hoto, ka fito. Sau 172 ya yi haka. Yaƙin Biyetnam yaƙi ne da har Amurkawa da yawa suka ƙi, kuma hotunan nan da su ake zaɓar inda za a jefa bam, wannan ma yana cikin labarin.

Ya yi ritaya a 1973 da muƙamin kanal, bayan shekara 30. Abin da ya fi burge ni: karatun da yaƙi ya katse masa, ya koma ya ƙarasa, ya karɓi digiri a 1978 yana ɗan shekara 58. Ya kuma riƙe filin jirgin sama na cikin garin Kansas City.

Karramawa ta zo a makare. A 2007 majalisa ta ba matuƙan Tuskegee lambar zinare, lokacin da yawancinsu sun riga sun rasu. Da ya cika shekara 100 ya sake riƙe sitiyarin wani ƙaramin jirgi tare da mataimaki. A Fabrairu 2020 Shugaba Trump ya maƙala masa tauraron birgediya janar na girmamawa, shekara 47 bayan ya ajiye aiki. Frances ba ta gani ba, ta rasu tun 1994. Shi kuma ya rasu ranar 16 ga Janairu 2022, yana da shekara 102.