Injin Ciki ko Injin Baya: Wane Jirgi Ya Dace da Wasan Zamiya a Kan Ruwa?



Batun da aka ɗora mini yau ya shafi wani wasa da ba a saba gani a ruwayenmu ba, wato zamiya a kan ruwa. Mutum ne zai ɗaura allo ɗaya ko biyu a ƙafa, ya riƙe igiya, jirgi mai inji ya ja shi har ya miƙe tsaye yana sulalawa a fuskar ruwa. Amurka ce gidan wannan wasa, can kuma zan tsaya a yawancin bayanina, domin can ne masu jirage suka daɗe suna gardama kan tambaya guda: iyalin da ke son fita tafki ranar hutu, wane jirgi ya kamata su saya, mai inji a cikinsa ko mai inji rataye a bayansa? Na karɓi batun hannu bibbiyu saboda darasin injiniyanci da ke cikinsa. Da zarar an sauya wa inji mazauni, halin jirgin gaba ɗaya ya sauya, kuma wanda ke ƙarshen igiya shi ke fara ji a jikinsa.

A shekarar 1922 wani saurayi ɗan shekara 18 mai suna Ralph Samuelson ya fara wannan wasa a tafkin Pepin da ke jihar Minnesota. Katako biyu ya samo, kowanne ya kusa mita biyu da rabi, ya lanƙwasa bakinsu, ɗan'uwansa ya ja shi da jirgi. A 1939 aka kafa ƙungiyar wasan ta ƙasar Amurka, a 1949 aka yi gasar duniya ta farko a Faransa. Shi kuwa injin baya ya girmi wasan. Ole Evinrude, haifaffen ƙasar Norway da ya zauna a birnin Milwaukee, ya fara sayar da nasa a 1909. Akwai waɗanda suka riga shi ƙerawa, amma nasa ne ya fara karɓuwa sosai a kasuwa. Kamfanin Mercury ya biyo baya a 1939, Yamaha ta Japan ta shigo a 1960. Jirgin da aka ƙera musamman domin jan ɗan zamiya bai yi suna ba sai 1961, lokacin da kamfanin Correct Craft na jihar Florida ya karɓi ƙirar wani malamin wasan mai suna Leo Bentz, ya fito da Ski Nautique, jirgin faiba mai inji a tsakiya. MasterCraft ya zo a 1968, Malibu a 1982, dukkansu a kan wannan tsari. Har gobe su ne ake gani a manyan gasa.

Injin baya kun san shi, duk wanda ya taɓa shiga kwale-kwale a Yawuri ko Baga ya gan shi. Inji da giya da farfela duk a dunƙule suke wuri ɗaya, a maƙale a katangar bayan jirgi. In za a yi kwana, injin ne dungurungum ke juyawa. Ana iya karkata shi sama ko ƙasa, ana iya ɗage shi ya fita daga ruwa. Injin ciki dabam ne. Asalinsa injin mota ne mai silinda takwas da aka gyara domin ruwa, ƙarfinsa kan haura na doki 300. A tsakiyar jirgi ake kafa shi, sandar ƙarfe ta huda ƙasan jirgin a karkace, farfela na bakinta can ƙarƙashi, a bayan farfelar kuma akwai faifan ƙarfe wanda sitiyari ke juyawa.

Me ya sa gwanaye suka nace wa na ciki? Sai mun leƙa filin gasa za mu gane. A gasar zigzag, jirgi na tafiya ne a miƙe cikin wata hanya mai tsawon mita 259, ɗan wasa yana kan allo ɗaya, yana tsallakawa dama da hagu don ya zagaye ƙwallaye shida da ke iyo, kowace tana nesa da tsakiyar hanyar da mita 11.5. Gudun jirgi na ƙoli kilomita 58 ne a sa'a ga maza, 55 ga mata. Duk lokacin da mutum ya gama zagaye lafiya sai a rage masa tsawon igiya. A 2013 Ba'amurke Nate Smith ya kafa tarihin duniya da igiya mai tsawon mita 9.75 kacal. Ku lura da lissafin: igiyar ba ta ma kai ƙwallon ba, da tsawon jikinsa da hannunsa yake cike giɓin. Mutumin da ke wannan hali ba zai lamunci jirgi ya kauce ko da taƙi ɗaya ba.

Kowane jirgi in yana gudu yakan bar tudun ruwa biyu a bayansa, kamar kunyoyin gona. Ɗan zamiya kuwa dole ya haye waɗannan kunyoyi a kowane tsallake, da gudun da ya fi na jirgin kansa nesa ba kusa ba. In kunyar ta yi tudu ko ta yi tauri, sai allo ya yi tsalle, gwiwa ta sha wahala, mutum ya hantsila. Girman kunyar ya danganta ne da yadda bayan jirgi ya nutse. Inji a tsakiya yana sa jirgi ya kwanta daidai a kan ruwa, ga shi ƙasansa ta baya shimfiɗaɗɗe ne, sai kunyar ta fito ƙarama mai laushi. Injin baya kuwa nauyinsa duk a gindi yake. Lokacin tashi sai hancin jirgi ya ɗaga sama, direba ya ɗan daina ganin gabansa, gindi ya tona ruwa.

Sai maganar inda aka ɗaure igiya, wanda a ganina ya fi komai muhimmanci, kuma shi ne mutane suka fi mantawa. Gwanin ɗan wasa in ya kwanta a kwana, jan da yake yi wa igiya kan ninka nauyin jikinsa fiye da sau biyu. A jirgin injin ciki, turken igiya na gaban inji, kusa da tsakiyar jirgi, daidai wurin da jirgi ke juyawa a kansa. A ƙarƙashin wannan wuri kuma an kafa wasu ƙananan fikafikan ƙarfe da ke riƙe ruwa. Saboda haka komai jan da aka yi daga gefe, jirgin ba ya barin layinsa. A jirgin injin baya, galibi a katangar baya ake ɗaure igiya, nesa da tsakiya. Nisan nan shi ke ba ɗan wasa galaba a kan jirgin: yana ja, gindin jirgi na bin sa, direba na fama da sitiyari. Ana rage matsalar ta hanyar kafa turke a gaban injin ko wani ƙarfe mai baka da ke kewaye shi, amma ba ta gushewa ɗungum. Jiragen gasa na yau har da na'urar da ke riƙe gudu ta tauraron ɗan'adam, irin su Zero Off, don kada gudun ya dogara da hannun direba.

To, in haka ne ai gardama ta ƙare, in ji wani. Ba ta ƙare ba, domin tambayarmu ta masu nishaɗi ce, kuma mafi yawansu ba su taɓa zagaye ƙwallo ko ɗaya ba. Uba ne da 'ya'yansa, ko abokai huɗu, a kan alluna biyu, ana gudun da bai wuce kilomita 30 zuwa 40 a sa'a ba. A wannan gudu, yaron da ke koyon miƙewa bai damu da laushin kunya ba, damuwarsa ita ce jirgi ya cire shi daga ruwa a hankali ba da fizga ba. Jirgi mai tsawon mita biyar zuwa shida, da injin baya mai ƙarfin doki 90 zuwa 150, ya ishe su har da saura. In ya gaza tayar da babban mutum, sau da yawa ba sai an sauya inji ba. A sa farfela mai gajeren taku, wadda ke ba da ƙarfin tashi ko da ta rage gudun ƙoli, a kuma danna injin ƙasa kafin a tashi, sannan a ɗan ɗaga shi bayan jirgi ya daidaita.

Jirgin injin ciki kuma yana da nasa haraji da mai saye ba ya gani a ɗakin baje koli. Farfelarsa da sandarta da faifan juyi a kafe suke, ba sa ɗaguwa. In ya daki dutse ko kututture, ɓarnar kan kai ga lanƙwashewar sanda, wani lokaci har ruwa ya riƙa shiga ta inda ta huda jirgin. Ba a kai shi bakin yashi a ajiye yadda aka ga dama. In an sa giyar baya ba ya jin sitiyari sosai, gefe ɗaya yake karkata, sabon direba kan sha kunya a matsaya. Akwatin injin ya cinye tsakiyar jirgi, wurin zama ya ragu. Tunda injin fetur ne a rufaffen wuri, dole a kunna fankar fitar da tururin mai na kamar minti huɗu kafin a tayar da shi, in ba haka ba tartsatsi ɗaya ya isa ya tada gobara. Shimfiɗaɗɗen ƙasan nan da ke gyara kunya, shi ne kuma ke sa jirgin dukan ruwa da ƙarfi in iska ta taso. Injin baya kuwa, da shi za a je kamun kifi da safe, a ja yara da yamma, a ɗage shi daga ruwan gishiri a wanke, in ya tsufa a kwance shi a ɗaura sabo, jirgin na nan. Kada kuma a ɗauka rago ne wajen ja. Ƙungiyoyin nuna bajinta, waɗanda suka yi yawa a jihar Wisconsin, sukan jera injin baya biyu ko uku a jirgi ɗaya su tayar da mutum fiye da goma a lokaci guda.

Akwai na uku da ya raba ƙafa, inji a ciki ta baya, ƙafar farfela a waje. Kamfanin Volvo Penta ya fito da shi a 1959. Ya yi kasuwa a jiragen iyali, amma ga zamiya kunyarsa ta fi girma, don haka ba zan tsaya a kansa ba.

Hukuncina shi ne: wanda ya ƙudurta zai bi wasan har ya gwanance a kan allo ɗaya, kuma yana da tafki mai zurfi da ya san ƙasansa, ya sayi injin ciki, ba zai yi da-na-sani ba. Wanda kuwa nishaɗin iyali ya kai shi, injin baya ya fi masa, kuma raina yana ɓaci in na ga an kunyata irin wannan mutum an tura shi sayen jirgin gasa mai tsada da ba zai yi amfani da rabin abin da aka ƙera shi dominsa ba.

Amma ban yarda in ba da wannan shawara ba tare da sharaɗi ba, kuma sharaɗin farfela ne. Ta injin ciki tana can ƙarƙashin jirgi, ta injin baya kuwa tana daidai inda mutum ke hawowa daga ruwa, kusa da tsani. Ina roƙon duk wanda zai ja wani da irin wannan jirgi ya kashe inji gaba ɗaya kafin mutum ya matso. Cire giya kawai bai isa ba, domin hannu ko gwiwa na iya taɓa ta ta shiga. A tunkari wanda ya faɗi ta gefen da direba ke zaune, don kada ya ɓace masa. A samu mutum na biyu a jirgi wanda ba shi da aiki sai kallon ɗan wasa, kamar yadda dokar jihohi da yawa a Amurka ta tanada. Tun watan Afrilu na 2021 kuma dokar tarayyar ƙasar ta wajabta wa direbobin yawancin jiragen da ba su kai ƙafa 26 ba su ɗaura igiyar kashe inji a jikinsu in suna gudu, don in direba ya faɗa ruwa injin ya mutu nan take. Sabon wasan nan da ake hawa kunyar jirgi daf da bayansa, kada a kuskura a gwada shi a bayan injin baya. Masu injin ciki su ma kada su saki jiki, hayaƙin salansa yana taruwa a dandamalin baya, iskar kabon monoksaid ba ta da wari, ta kuma kashe mutanen da suka rataya a wurin inji na aiki. Rigar kariya daga nutsewa kuwa ba a maganar barinta, ko da mutum ya iya iyo, domin faɗuwa da gudu tana iya sumar da shi.

Na san a zauren nan akwai masu tunanin ko za a iya kawo irin wannan wasa madatsun ruwanmu, kamar Tiga ko Kainji. In har za a gwada, injin baya ne zai fara, saboda shi makanikanmu na bakin ruwa suka sani, kayan gyaransa kuma ana samu a kasuwa. Ruwan madatsa yana ja da baya sosai da rani, ƙarƙashinsa akwai duwatsu da kututturan itatuwan da ruwa ya cinye, abin da jirgin injin ciki ba ya jurewa. Kafin a sayi jirgi ko ɗaya, sai an auna zurfin wurin damina da rani, a sa alama a inda ke da haɗari, a tuntuɓi likitoci kan cutar tsargiya, a tabbatar babu dorina ko kada. Sannan a zauna da Sarkin Ruwa da masunta a yanka wa wasan yankinsa da lokacinsa, domin farfela ɗaya tana iya yayyaga kalli ko tarun da mutum ya ci bashi ya saya, kunyar jirgi mai gudu kuma tana iya kifar da ƙaramin kwale-kwale mai ɗauke da mata da yara zuwa kasuwa.