Giwa ba ta zama inda babu icce

Jawabi don karantawa a cibiyoyin yaƙi da jahilci na Madawa da Buza da Keita

 

Zancen yau zancen giwa ne. Wani zai ce: "Mi ya haɗa mutumen Adar da giwa?" Gaskiya ne, babu giwa a Madawa, babu a Buza, babu a Keita. Amma sunanta yana bakin kowa. In za a yabi namiji, sai a ce toron giwa. Samarin Adar da yawa suna zuwa bida Abijan. Sunan ƙasar nan, Kwaddibuwa, ma'anarsa gaɓar hauren giwa. A can ma giwaye kaɗan suka rage.

Yadda giwa take

Duk cikin dabbobin tudu babu wadda ta kai ta girma. A yini guda tana iya cin kilo 150 na ganye da ciyawa da ɓawon icce. Ruwan da take sha ya wuce lita 100. Cikinta wata 22 ne, kuma ɗa guda take haihuwa. Sai bayan shekara 4 ko 5 ta sake. Makiyayi ya san abin da wannan yake nufi. Akuya tana mai da garke da wuri. Giwa kuwa, in aka kashe guda, sai an daɗe kafin a samu madadinta.

A 1979 an ƙiyasta giwayen Afirka sun kai miliyan 1 da dubu 300. A 1989 saura kamar dubu 600. Lissafin 2016 ya ba da kamar dubu 415.

Giwa a Nijar

A duwatsun Abzin akwai zanen giwa da mutanen dā suka yi. A lokacinsu wurin yana da ruwa da ciyawa. Da ƙasar ta bushe, giwa ta tafi.

Yau babban mazaunin giwa a Nijar shi ne gandun dajin W, a kudancin Yamai, kan iyaka da Benin da Burkina Faso. An mai da shi gandun ƙasa a 1954. A 1996 hukumar UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya.

Akwai kuma labarin da ya fi kusa da Adar. A shekarun 1980 wani garken giwaye ya shigo dajin Baban Rafi, cikin gundumar Madarumfa, daga Nijeriya. Suna kai da komowa tsakanin ƙasashen biyu. Iyaka ba ta dame su ba, abinci da ruwa suke bi. Amma daga dajin nan ake kai wa birnin Maraɗi iccen wuta. Gonaki kuma suna ta cin bakinsa. Giwa ta fito neman abinci, sai ta faɗa cikin hatsin talaka. Manomi ya yi hasara, ita ma ba ta samu zama ba. Da haka garken ya yi ta raguwa.

Abin da ke kashe giwa

Na farko, haure. Maharbi ba nama ya kai shi ba. Yana kashe dabba mai nauyin tan 4 ko 5 don haure biyu. Hauren yana bin hannu da hannu har ya kai Asiya. Babban kuɗin yana wurin attajirin da ba a gani. Wanda ya ɗauki kayan shi ake kamawa a hanya.

Na biyu, ƙarewar daji. Sara da sassabe da gobara suna cinye mazauninta. Wannan ba baƙon abu ba ne a Adar. Dattawa sun ga yadda farin 1973 da na 1984 suka bar tuddai tsirara, ruwa yana kwashe ƙasar noma. Abin da ya kori giwa daga daji shi ne ya kori albarka daga gona.

Na uku, rashin tsaro. A 'yan shekarun nan 'yan bindiga sun shiga dajin W. Aikin masu gadin daji ya yi wuya, har wasunsu sun rasa rayukansu.

Ƙoƙarin da ake yi

A 1989 ƙasashen duniya suka hana cinikin haure tsakanin ƙasa da ƙasa. A shekarar nan ƙasar Kenya ta ƙone tan 12 na haure a gaban jama'a. A Nijar, dokar farauta ta 1998 ta sa giwa cikin dabbobin da aka hana kashewa. Tun 2012 an keɓe ranar 12 ga Agusta ta zama ranar giwa ta duniya.

Manoma ma sun samu dabara. A Kenya ana rataya amya kewaye da gona, don giwa tana tsoron zuma. Gona ta tsira, mai gona ya samu zuma.

Ko dabbar da ta kusa ƙarewa tana dawowa? Ƙwarai kuwa. Raƙuman dawa na Kure kamar 50 suka rage a 1996. Mutanen ƙauyuka da ma'aikatan daji suka haɗa kai. Yawansu ya wuce 600. A 2018 aka ɗauki 8 aka kai Gadabeji, cikin jihar Maraɗi.

Daji ma yana dawowa, kuma mutanen Adar ne shaida. A 1975 aka fara dasa layukan dogon yaro a kwarin Majiya don tare iska. A 1984 aka fara furojen Keita. Mata suka ɗauki dutse a ka, aka tare ruwa, aka dasa miliyoyin itatuwa.

Abin da kowa zai iya yi

1. Mai zuwa bida, kada ya karɓi ƙunshin da bai san cikinsa ba. In duwan ko jandarma suka samu haure a kayanka, kai za ka shiga kaso, iyali suna gida suna jira.

2. Kada a saya, kada a sayar da haure ko fata ko wutsiyar giwa, ko da don magani ne. In babu mai saye, maharbi zai aje bindiga.

3. Makiyayin da ya yi kudu da bisashe, ya bi burtali, ya kiyaye iyakar gandun daji.

4. Manomi ya bar 'yan itatuwa su tashi a gonarsa lokacin sassabe. A kashe wuta kafin a bar daji.

Hausawa suna cewa in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Dajin da ya kasa riƙe giwa, gobe ba zai riƙe saniya ba.

Tambayoyi don tattaunawa

Waɗanne namun daji ne dattawan garinku suka sani, waɗanda yau babu su? Yaushe aka daina ganinsu? A tambaye su, a rubuta amsa, a kawo wa malamin cibiya.

Allah ya ba da damina mai albarka. Amin.