Ƙirgen J/psi: Inda Awo Ya Ƙaryata Lissafi

 

Ranar 11 ga Nuwamba 1974, ayari biyu na masana fiziks a Amurka suka ba da sanarwar gano abu guda. Samuel Ting da mutanensa a Brookhaven suka raɗa masa suna J, Burton Richter da nasa a SLAC suka ce psi. Babu wanda ya janye, sai aka haɗa sunayen, su biyun kuma suka raba kyautar Nobel a 1976. Wannan ƙwaya kwak ce mai nauyi da ake kira cam, ɗaure da kishiyarta, nauyinsu ya kai 3.1 GeV, wato sama da furoton uku. A 1977 Leon Lederman ya samo yayarta a Fermilab, Ufsilon, mai kusan 9.5 GeV, wadda kwak ɗin botom da kishiyarta suka haɗa.

Me ya sa aka damu da su? Kwak ɗin da ke cikin furoton ba su da nauyi sosai, gudu suke kusa da gudun haske, lissafinsu sai ya gagari alƙalami. Masu nauyi kuwa a hankali suke zagaya juna. Shi ya sa aka ɗauka nan ne za a fi saurin gane yadda ƙarfin da ke ɗaure kwak yake aiki.

To, yaya ake ƙirga su? Babu na'urar da ta taɓa ganin J/psi. Ba ta kai ko kashi ɗaya cikin biliyan sau biliyan na daƙiƙa ba take tarwatsewa. Abin da ake gani shi ne abin da ta bari, kamar mai ƙirga baƙin da ke cikin zaure daga takalman da ke bakin ƙofa. Takalman nan su ne ƙwayoyin muwon biyu, ɗaya mai caji na ƙari, ɗaya na ragi, kuma kusan 6 cikin 100 ne kawai na J/psi ke mutuwa ta wannan hanya. A LHC, na'urar CERN ta kara ƙwayoyi da juna, mai zagayen kilomita 27 a iyakar Suwizalan da Faransa, ana auna ƙarfi da kusurwar kowane muwon, a lissafa nauyin abin da ya haife su. Idan aka zana sakamakon, sai a ga tudu ya miƙe daidai 3.1. Yawan da ke cikin tudun ake ƙirgawa, a gyara shi da adadin karon da aka yi da kuma waɗanda suka kuɓuce wa na'ura.

Aikin bai ƙare nan ba, domin ba kowace J/psi ce aka haifa a wurin karo ba. Wasu daga mutuwar ƙwayoyin B suke fitowa, waɗanda ke tafiya 'yan milimitoci kafin su watse. Da wannan 'yar tazara ake ware su. Wasu kuma 'yan'uwansu masu nauyi ne, psi(2S) da chi-c, suka sauko suka zama su.

Da gwajin CDF a Fermilab ya yi wannan warewa a shekarun 1990, sai aka ga psi(2S) ta ninka abin da lissafi ya faɗa kusan sau 50. Ku lura, ba kashi 50 cikin 100 na ce ba. Lissafin wancan lokaci ya ɗauka dole kwak biyun su fito tun farko a daidaice, cajinsu na launi, wato cajin ƙarfin da ke ɗaure kwak, ya soke juna. A 1995 Bodwin, Braaten da Lepage suka shimfiɗa tsarin NRQCD, wanda ya yarda su fito da launi, daga baya su zubar da shi ta hanyar sakin guluwon, ƙwayar da ke ɗauke da wannan ƙarfi. Yawan ya daidaita. Amma ni a ganina wannan nasara tana da rangwame, tunda wasu lambobin tsarin daga awon kansa aka ciro su.

Jarrabawar gaskiya ita ce inda juyin ƙwayar yake fuskanta, abin da ake ganewa daga kusurwar da muwon ke fita. Tsarin ya yi hasashen cewa J/psi mai tsananin gudu za ta karkata sosai wuri guda. CDF bai ga haka ba. Gwaje-gwajen LHC, wato CMS, LHCb da ALICE, su ma suka tarar kusan babu karkata. Har yau babu jerin lambobi guda da ya gamsar da kowa a kan yawa da karkata a lokaci ɗaya.

Akwai wani fage da zan taɓa a gurguje. A 1986 Matsui da Satz suka ce idan aka kara manyan ƙwayoyin zarra har suka narke suka saki kwak ɗinsu, J/psi za ta ragu. CMS ya ga haka ƙarara a iyalin Ufsilon cikin karon dalma da dalma: wadda ɗaurinta ya fi sako-sako ita ta fi ɓacewa.

Ɗalibai, ga aiki. Tun 2014 CERN ke sakin bayanan gwajin CMS kyauta a intanet, har da na muwon bibbiyu. Kwamfutar cinya da ɗan sanin Python sun isa ku zana tudun J/psi da hannunku kafin ƙarshen zangon nan. Ku je ku zana, ku kawo wa malamanku su duba.