Abin da Yaran Dole Kaina Suka Koya Mana



A shekarar 1443 Sarki Sejong na Koriya ya ƙago haruffan Hangul, domin talakansa ya kasa ɗaukar rubutun Sin. Da mun san wannan tun farko, da ba mu yi abin kunya a Dole Kaina ba.

An tura mu koyarwa can bakin Kwara, kusa da iyakar Nijar da Benin, muna taƙama da Hausa da Turanci. Ashe yara da dama Dendanci suke yi a gida. Shirunsu muka kira daƙiƙanci, har muka ɗaga bulala. Allah Ya yafe mana.

Sai da muka zauna muka koyi gaisuwarsu da ƙidayarsu, kana bakinsu ya buɗe. Yaron da ya fi shan dukanmu, shi ya fara gyara mana lafazi.