Ƙwaya da Jiƙo a Hannun Mai Ciwo Ɗaya: Asibiti da Gargajiya a Gaban Cututtuka Masu Daɗewa a Jos



An ɗora mini yin magana a kan wanne ya fi tsakanin maganin asibiti da na gargajiya ga cututtukan da ke zama da mutum shekara da shekaru: hawan jini, ciwon suga, sikila, farfaɗiya, asma da ƙanjamau. Tambayar ta ɗauka cewa mai ciwo ya zaɓi ɓangare, alhali a Jos bai zaɓa ba. Mutumin da ya yi sammako daga Unguwar Rogo ko Bukur don ya kama layi a asibitin koyarwa na JUTH can Lamingo, ko a asibitin Jankwano, shi ne dai zai tsaya wajen Taminus a hanyar komawa gida ya sayi ƙullin sassaƙe. Da safe ya haɗiyi ƙwaya, da dare ya kurɓi jiƙo. Likita bai san da jiƙon ba, mai jiƙo bai san ƙwayar da ake sha ba. Ni a ganina wannan ɓoyon ya fi kowane gefe illa.

Kada mu yi saurin kiran mutumin nan jahili. Ya je asibiti an ce masa ciwon ba ya warkewa, sai dai a lallaɓa shi da magani iya rayuwa. Ya fito bakin titi ya ji lasifika a kan mota tana cewa kwalba uku za ta raba shi da suga har abada. Ga shi an rene shi a kan imanin cewa Allah bai saukar da cuta ba sai da maganinta, Musulmi ne shi ko Kirista. Wace magana ce za ta fi shiga zuciyarsa? Sai kuma aljihu. Fiye da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin da ake kashewa kan lafiya a Najeriya daga aljihun marasa lafiya yake fita. Tun da darajar naira ta zube a 2023, kuma kamfanin magunguna na GSK ya sanar da tattara nasa ya nasa a watan Agustan shekarar, farashin magunguna irin su abin shaƙa na masu asma ya ninka. Mai jiƙo kuwa yakan karɓi abin da ya sawwaƙa, ya tambayi lafiyar iyali, wani lokaci ma ya ce a kawo kuɗin in an samu.

Matsalar ita ce cututtukan nan ba sa bin ma'aunin da muka saba auna magani da shi. Mai zazzaɓi ya sha magani, jiki ya yi sanyi, ya tashi, kowa ya gani da idonsa. Hawan jini ba haka yake ba. Mutum zai yi shekaru jininsa na sama yana noma, yana kasuwa, ba ciwon kai ba jiri, ranar da zai sani ita ce ranar da ɓarin jikinsa ya shanye ko ƙodarsa ta tsaya. Kusan mutum ɗaya cikin kowane uku na manyanmu yana ɗauke da shi, da yawa kuma ba su sani ba. Saboda haka shaidar "na sha na ji daɗin jikina" ba ta isa hujja ba a nan, ko a kan jiƙo aka faɗe ta ko a kan ƙwaya. Sikila ma tana tashi tana lafawa da kanta, duk abin da aka ba yaro a daren da ciwon zai lafa shi za a yaba. Alƙalin da ba ya son kai a wannan shari'a shi ne awo: awon jini, awon suga, gwajin ƙoda, a rubuta a kuma maimaita wata bayan wata.

Ga 'yan uwana na asibiti da ke yamutsa fuska in an ambaci saiwa, ina tuna musu cewa kantin maganinsu cike yake da 'ya'yan itatuwa. Metformin, ƙwayar da ake fara ba mai suga, asalinta wani tsiro ne da Turawa suka daɗe suna jiƙawa, sai a 1957 likitan Faransa Jean Sterne ya gwada ta a kan masu ciwon. Reserpine, ɗaya daga cikin magungunan hawan jini na farko, daga saiwar da masu maganin Indiya suka sani tun kaka da kakanni aka tace shi. Maganin zazzaɓin cizon sauro da muke dogaro da shi yau daga tazargade Tu Youyou ta ƙasar Sin ta fitar da shi, aka ba ta kyautar Nobel a 2015.

Misalin da ya fi kusa da mu na gida ne, kuma a kan sikila yake, ciwon da ake haifar jarirai kimanin 150,000 da shi duk shekara a ƙasar nan. Wani fasto daga jihar Oyo, Paul Ogunyale, yana da haɗin da ya gada. Bai ɓoye shi ba, ya miƙa wa cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Abuja a zamanin Farfesa Charles Wambebe. Kayan haɗin ba baƙi ba ne ga kowace uwargida a nan: masoro, kanumfari, ganyen dawa, da wani jan itace da Yarabawa ke kira osun. Aka auna yawan kowanne, aka gwada ko yana da guba, sannan aka gwada shi a kan masu sikila, wasu aka ba su shi, wasu aka ba su abin da ya yi kama da shi amma ba magani a ciki. Sakamako ya nuna yana rage yawan tashin ciwon. Bai warkar da sikila ba, kuma babu wanda ya ce ya warkar. Shi ne Niprisan, wanda aka fitar kasuwa da sunan Nicosan a 2006. Abin takaici, bayan 'yan shekaru kamfanin da aka ba lasisin ya durƙushe, maganin ya ɓace daga kantuna, iyaye suka yi ta nema, sai daga baya kamfanin May & Baker ya karɓi aikin. Ilimin mai gargajiya bai gaza ba a wannan labari, kimiyya ma ba ta gaza ba. Riƙon amana da tafiyar da kasuwanci ne suka gaza. Kuma wannan bai hana mu yarda da ƙwayar hydroxyurea ba, wadda gwajin da aka yi a Kano ya nuna tana kare yara masu sikila daga shanyewar jiki.

Amma kada iyayena masu gargajiya su ɗauka na zo yabo kawai. Tsufan al'ada ba ya wanke ta. A shekarun 1970 likitoci biyu a asibitin Jami'ar Ahmadu Bello, Davidson da Parry, sun lura da yawan masu jego a ƙasar Zazzau da zuciyarsu ke kasawa bayan haihuwa, suka danganta abin da kunun kanwa da zafin wankan jego da kwanciya a gadon wuta. Binciken da ya biyo baya ya nuna akwai wasu dalilan, amma gishirin da ke cikin kanwa ba abokin mai hawan jini ba ne, wannan ba a gardama. Kakanninmu da ƙauna suka dama kunun.

Akwai kuma wuraren da babu tsimi ko sassaƙen da zai tsaya a madadin asibiti. Yaron da jikinsa ya daina yin insulin, kafin a fara allurar a Toronto a 1922 mutuwa ce ke jiransa, kuma yau ma duk wanda ya ce a ajiye allurar a koma shuwaka ko garahuni ya tura shi kabari. Mutanen Jos shaida ne a kan ƙanjamau. Mun ga lokacin da Dakta Jeremiah Abalaka ya ce ya samo waraka, jama'a suka yi ta tururuwa zuwa Gwagwalada har gwamnati ta dakatar da abin a shekarar 2000. Mun ji Yahya Jammeh na Gambiya ya yi irin wannan iƙirari a 2007, aka sa marasa lafiya suka ajiye ƙwayoyinsu. Abin da ya tashi mutane daga shimfiɗa a garin nan shi ne maganin da aka fara rabawa kyauta a JUTH daga 2004 ƙarƙashin shirin APIN da tallafin PEPFAR. Ƙwaya ce da ba ta yi alkawarin waraka ba, amma waɗanda suka riƙe ta sun aurar da 'ya'yansu.

Ina so jama'a su fahimci lambar NAFDAC da ke jikin kwalbar gargajiya, wadda takan ƙare da harafin L. Ma'anarta an duba ba a ga abin cutarwa ba a gwajin da aka yi. Ba shaida ba ce cewa maganin yana warkar da abin da aka rubuta. Wanda babu lambar ma ya fi haɗari, domin akwai 'yan damfara da ke daka ƙwayoyin asibiti irin su dexamethasone ko diclofenac su zuba a garin magani. Mai sanyin ƙashi zai sha ya miƙe a rana ɗaya, bayan watanni fuska ta kumbura, suga ya hau, ƙoda ta lalace, a ƙare a layin wankin ƙoda da gida ba zai iya biya ba. Masu gargajiya na gaskiya su ne suka fi cutuwa da waɗannan mutane, kuma su ne suka fi sanin inda suke.

Ko abin da yake da amfani yana buƙatar awo. Bincike ya nuna zoɓo yana sauke hawan jini kaɗan, amma zoɓon da aka cika wa sukari ya koma wani abu dabam ga mai suga. Acca, abin alfaharin Filato, ana yawan ba masu suga shawarar cinta, to amma ita ma hatsi ce, malmala uku na tuwon acca za su ɗaga awo. Wanda kuma yake shan ƙwayar suga ya ƙara da jiƙon da shi ma yake saukewa, sugansa na iya faɗuwa ya sume, likita ya rasa dalili tunda ba a gaya masa ba.

Me ya sa ba a gaya masa? Domin an san abin da zai biyo baya: tsawa, ko kallon raini a gaban jama'a. Likitan da ke ganin mutane da yawa kafin azahar ba shi da lokacin tambaya, na sani, kuma abokan aikinsa da dama sun tafi Ingila da Saudiyya sun bar masa layin. Duk da haka tambaya ɗaya cikin ladabi, "Baba, ban da wannan me ake sha a gida?", ba ta cin minti guda. Ina roƙon a saka ta a katin kowane mai hawan jini da suga a asibitocin jihar nan, a rubuta amsar ba tare da faɗa ba.

Ghana ta riga mu nisa. Tun 1975 take da cibiyar binciken tsirrai a Mampong, jami'ar Kumasi tana ba da digiri a kan maganin gargajiya, kuma a wasu asibitocin gwamnati akwai ɗakin da ake ba da shi bayan gwaji. Mu a Jos muna da tsangayar haɗa magunguna a jami'a, muna da asibitin koyarwa, muna da tsirran da sanyin dutsen nan ke fitarwa. Abin da ya rage shi ne yarjejeniya a rubuce wadda za ta tabbatar wa mai gargajiya cewa in ya kawo haɗinsa aka gwada, sunansa da rabonsa ba za su ɓace ba. Tsoron ƙwace ne ke sa da yawa su mutu da iliminsu.

Ban da wannan yarjejeniya, ga abin da nake nema daga ƙungiyar masu maganin gargajiya ta jihar: duk mai rajista ya ajiye na'urar awon jini a shagonsa, a koya masa amfani da ita, ya auna kafin ya ba da komai, wanda awonsa ya yi sama ya tura shi asibiti da takarda, kuma kada ya ce wa kowa ya ajiye ƙwayarsa ko allurarsa. Hukumar inshorar lafiya ta jiha, PLASCHEMA, ita kuma ta kai rajista kasuwanni da tashoshin mota, ta tabbatar ƙwayar hawan jini da ta suga suna nan a ƙananan asibitocin unguwa duk wata, domin mai tura baro a Farin Gada ba zai bar aikin yini ya tafi Lamingo saboda ciwon da ba ya ji a jikinsa ba.